RAHOTO NA MUSAMMAN: Yadda sanyi da doka suka gajarta tabar wiwi a barandojin Jamus

Da tsakar daren da ya shiga ranar 1 ga Afrilu, 2024, mutane kimanin 1,500 suka taru a gaban Ƙofar Brandenburg da ke tsakiyar birnin Barlin. Ƙarfe 12 na bugawa suka kunna tabar wiwi a bainar jama'a, 'yan sanda na tsaye suna kallo, babu wanda aka kama. A wannan daren ne sabuwar dokar wiwi ta Jamus ta fara aiki.

Hotunan taron sun zaga duniya, aka yi ta cece-kuce na 'yan kwanaki, sannan ƙura ta lafa. Amma sashen dokar da ya fi taɓa rayuwar yau da kullum ba a dandali yake ba, yana cikin gidaje. Dokar ta bai wa duk wanda ya kai shekara 18 damar shuka tushe uku na wiwi a gidan da yake zaune. Ta kuma yarda ya riƙe giram 25 a waje, ya ajiye giram 50 na busasshiya a gida.

Tushe uku ba gona ba ce. Sai dai wannan ƙaramin adadi ya haɗu da wasu abubuwa biyu, wato yanayin ƙasar da irin gidajen da Jamusawa ke zaune a ciki, suka buɗe kasuwa ga wani nau'in shuka da masu sayar da iri suka daɗe suna kyautatawa: gajeriyar wiwi wadda da ƙyar take wuce ƙugun mutum, mai saurin nuna, mai ƙamshi kamar na alewa ko 'ya'yan itace.

Shukar da ke lissafin tsawon dare

Manomin Arewa ba ya buƙatar dogon bayani kan bambancin gero da maiwa. Gero kwanakinsa yake ƙirgawa, idan sun cika ya fitar da kai. Maiwa kuwa, ko an shuka ta da ruwan fari, sai ta yi ta tsawo tana jiran ƙarshen damina, lokacin da yini ya fara raguwa, kafin ta fitar da nata. Haka dawar gargajiya irin su kaura da farafara suke.

Asalin tabar wiwi halin maiwa gare ta. Ba ta yin fure sai dare ya yi tsawo. Furen macen shukar, ba ganyen ba, shi ne ke ɗauke da mafi yawan sinadarin THC mai sa maye.

A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya wannan hali ba matsala ba ne. A Abuja, alal misali, yini mafi tsawo a shekara bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma bai gaza awa 11 da rabi ba. A Barlin labarin daban yake. Cikin watan Yuni hasken rana kan kai kusan awa 17, a Disamba kuma ya faɗo ƙasa da awa takwas. Saboda haka shukar da aka sa a ƙasa cikin Mayu za ta yi ta girma ne kawai, tana ƙara rassa da ganye, har sai wajen Agusta kafin ta lura dare ya fara miƙewa. Furen da ya fara a lokacin yana buƙatar kusan wata biyu ko fiye kafin ya ƙosa. Wannan ya kai shi cikin Oktoba ke nan, watan yayyafi da hazo da raɓa mai nauyi.

A nan babban abokin gaba yake jira, wato wata funfuna mai launin toka da masana ke kira Botrytis cinerea, wadda manoman inabi da na tumatir a Turai suka sani sarai. Tana kama fure daga ciki, inda iska ba ta shiga, ta ruɓar da shi kafin mai shi ya ankara. Abin da ya tsira daga funfuna kuma sanyin farko na hunturu na iya ƙarasa shi.

Nau'o'in wiwi na ƙasashe masu zafi, irin waɗanda aka sani a Thailand da Kolombiya da Afirka, dogaye ne, sukan wuce mita uku, kuma furensu na iya ɗaukar wata uku zuwa huɗu. A fili, ƙarƙashin sararin samaniyar Jamus ko Holan, ba sa kai labari.

Daga duwatsun Hindu Kush zuwa bakin kogin Volga

Neman shukar da za ta jure wannan yanayi ya fara ne tun kafin a yi mafarkin halasta ta. Cikin shekarun 1970, matasan Turai da Amurka da ke bin hanyar ƙasa zuwa Indiya sun riƙa komawa gida da irin wiwi na Afganistan da duwatsun Hindu Kush. Wannan iri gajere ne, mai faɗin ganye da cikakken fure, kuma yana nuna da wuri, domin a can ma lokacin noma gajere ne. Masu gwaji a jihar Kalifoniya suka yi masa barbara da dogayen nau'o'in Meziko da Kolombiya, aka samu irin da ake kira Skunk #1. A tsakiyar shekarun 1980 wani Ba'amurke mai suna David Watson ya kai shi Holan, inda hukuma ta riga ta kawar da kai daga sayar da wiwi kaɗan-kaɗan tun 1976.

A Amsterdam aka kafa kamfanonin sayar da iri irin su Sensi Seeds a 1985 da Dutch Passion a 1987. Wasu daga cikin nau'o'in da aka fitar a ƙasar, kamar Hollands Hope, an zaɓe su ne musamman don su ƙosa kafin ruwan kaka ya kankama.

Sai dai jinin Afganistan ya zo da nasa lahanin. Ƙasarsa ta asali busasshiya ce, don haka furensa a dunƙule yake kamar curin fura. Wannan cikar da ke burge mai saye ita ce ke riƙe danshi, ta zame wa funfuna masauki. An samu gajarta da sauri, an kuma gaji rauni.

Mafitar ta fito ne daga wata shuka da babu wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. A 1924 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Dmitri Janischewsky, ya yi bayanin wata wiwi ta daji da ke fitowa da kanta a yankin kogin Volga, ya raɗa mata suna Cannabis ruderalis. Ƙaramar ciyawa ce, ba ta da zare mai kyau, ba ta kuma da sinadarin maye na a zo a gani. Abu ɗaya ta mallaka: halin gero. Ba ta jiran dare ya yi tsawo. Da zarar ta yi 'yan makonni da tsirowa sai ta fara fure, ko da rana na haskawa awa 18.

An shafe shekaru ana ƙoƙarin haɗa wannan hali da ƙarfin sauran nau'o'in. A farkon shekarun 2000 wani mai gwaji da ke kiran kansa The Joint Doctor ya fitar da wani iri mai suna Lowryder. Tsayinsa da ƙyar yake kai gwiwa, kuma daga shuka zuwa girbi bai fi wata biyu da 'yan kwanaki ba. Tsofaffin 'yan harkar sun yi masa dariya, domin amfaninsa kaɗan ne kuma ba shi da ƙarfi. Amma ƙofa ta riga ta buɗe. Kamfanoni a Holan da Sifaniya suka ci gaba da maimaita barbara, tsara bayan tsara, har jikokin wannan wada suka kamo ƙarfin manyan nau'o'in. Yau kusan kowane kamfanin iri a Turai yana da jerin irin waɗannan masu fure da kansu.

Ga mai zaune a arewacin Turai, fa'idar a bayyane take. Shukar da aka fara bayan sanyi ya wuce tana iya kammala rayuwarta cikin watannin da rana ta fi ƙarfi, a girbe ta tun kafin hazon Oktoba ya sauko.

Dokar da ta ƙirga tushe da giram

Yanayi kaɗai bai isa ya bayyana farin jinin gajeriyar shuka ba. Fiye da rabin mutanen Jamus a gidan haya suke zaune, a Barlin kuwa sun haura kashi 80 cikin 100. Mafi yawansu ba su da tsakar gida, baranda ce kawai ko bakin taga. Ƙananan lambunan haya da ke gefen birane, waɗanda Jamusawa ke matuƙar so, ba su shiga cikin sassaucin ba a mafi yawan lokuta, domin dokar ta ce sai a inda mutum yake zaune.

Dokar ta kuma ɗora wa mai shuka alhakin kare ta daga hannun wasu, musamman yara da matasa. Bishiyar da ta kai mita biyu da rabi tana leƙen titi ba ta ɓoyuwa, kuma warinta ba ya tsayawa a iyakar barandar mai ita.

Akwai kuma wani ƙulli da masu sukar dokar, har da waɗanda ke goyon bayan halastawa, suka daɗe suna nunawa. An yarda da tushe uku, amma an taƙaita ajiya a giram 50. Babbar shuka ɗaya da ta samu rana da sarari tana iya ba da ninkin wannan sau da dama. Wanda ya girbe ta, idan ta bushe, ya wuce iyaka. Daga giram 50 zuwa 60 tara ce, abin da ya haura 60 kuma laifi ne da kotu ke hukuntawa. Ba a yarda ya sayar da rarar ba, ba a ma yarda ya ba aboki kyauta ba. Abin da ya rage masa shi ne ya lalata ta. Ke nan, a bisa takarda, manomin da ya fi iya noma shi ya fi kusa da hannun hukuma. Gajeriyar shuka mai ɗan amfani, wadda a da ake raina ta, ita ce ta fi dacewa da ma'aunin da majalisa ta yanka.

Jamus ba ita ta fara wannan tsari ba. Uruguay ta yarda da tushe shida tun 2013, Kanada ta yarda da huɗu a kowane gida a 2018, Malta da Luxembourg suka biyo baya da huɗu-huɗu a 2021 da 2023. Bambancin shi ne Jamus na da mutane sama da miliyan 83, kuma ta yarda a shigo da iri daga sauran ƙasashen Tarayyar Turai. Ga kamfanonin Amsterdam da Basalona, kakarsu ce ta yanke saƙa.

Daga ina zaƙin ya fito?

Ba daga sukari ba ne. Abin da ake kira zaƙi ƙamshi ne, wanda ke fitowa daga wasu mayuka masu saurin bin iska da shukar ke tarawa a ƙananan ƙwayoyin danƙo da ke jikin fure. Yawancinsu ba baƙi ba ne ga hancin kowa. Sinadarin limonene shi ne ke cikin ɓawon lemo, myrcene na cikin mangwaro, caryophyllene kuma shi ke ba masoro da kanumfari wani ɓangare na ƙamshinsu. Bincike na 'yan shekarun nan ya nuna cewa wasu sinadarai masu ɗauke da farar wuta, duk da ƙarancinsu, suna da babban tasiri wajen warin da aka san wiwi da shi, har ma da ƙamshin 'ya'yan itace da ake ji a wasu nau'o'in.

Masu barbara sun daɗe suna farautar wannan ƙamshi. Wani iri mai suna Blueberry, wanda wani Ba'amurke da aka sani da DJ Short ya fara aiki a kansa tun shekarun 1970, ya lashe gasar Cannabis Cup ta Amsterdam a shekarar 2000. Daga baya sunayen kayan ƙwalama suka mamaye kasuwar: biskit, kek, askirim, cingam, alewa.

Ya kamata a faɗi cewa suna ba hujja ba ne. Wani nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya duba sakamakon gwajin samfura kusan 90,000 daga jihohi shida na Amurka, ya gano cewa laƙabin da ake liƙa wa kaya, musamman rabe-raben indica da sativa, bai cika dacewa da sinadaran da ke cikinsu ba. Sau da yawa mai saye labari yake saye.

Amma labarin yana aiki, kuma a nan ne damuwa take. A 2016 hukumar da ke sa ido kan harkar a jihar Oregon ta Amurka ta hana amfani da wasu sunaye a jikin kaya, ciki har da Girl Scout Cookies da Candyland, saboda suna iya jan hankalin yara. A 2021 kamfanin Wrigley, mai alewar Skittles, ya maka masu irin wiwi da ake kira Zkittlez a kotu, kuma a 2023 suka amince su daina amfani da sunan.

Dokar Jamus ta yi nata ƙoƙarin. Ta haramta talla, ta hana ƙungiyoyin masu noma haɗa wiwi da abinci ko zuba mata kayan ƙamshi, ta kuma wajabta mazubi marar ado. Tarayyar Turai ma ta riga ta haramta sigari mai ɗanɗano, har da mai ƙamshin na'ana'a tun Mayun 2020, bisa hujjar cewa ɗanɗano yana sauƙaƙa wa matashi zuƙar farko. Sai dai ƙamshin da aka gina a cikin jinin shuka ba ƙari ba ne da za a hana zubawa. Yana zuwa ne a cikin ƙwayar iri, a cikin ambulan, ta gidan waya.

Ƙaramar shuka, babban ƙarfi

Dokar ta ƙirga tushe, ta auna giram, amma ba ta ƙayyade ƙarfin abin da aka shuka a gida ba. Iyakar da ta sa ita ce a ƙungiyoyin noma, inda 'yan shekara 18 zuwa 21 ba za su karɓi fiye da giram 30 a wata ba, kuma THC ɗin ciki kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Matashi mai shekara 19 da ya shuka nasa a baranda bai shiga wannan ƙa'ida ba, alhali kamfanonin iri na tallata gajerun nau'o'in da suke iƙirarin sun haura kashi 20.

Don a gane girman wannan adadi, wiwin da hukumomin Amurka suka riƙa kamawa a 1995 matsakaicin ƙarfinta kusan kashi 4 ne, zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12. A 2019 mujallar Lancet Psychiatry ta wallafa binciken da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Brazil. Ya nuna cewa masu shan wiwi mai ƙarfin kashi 10 ko fiye a kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau biyar wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali mai tsanani. Masu binciken sun ƙiyasta cewa da babu irin wannan wiwi, da an kauce wa kusan kashi 30 na sababbin masu cutar a Landan, da kusan rabinsu a Amsterdam, birnin da ya reni yawancin waɗannan nau'o'i.

Irin wannan hujja ce ta sa Ƙungiyar Likitocin Jamus ta yi adawa da dokar, tana mai cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Ministan lafiya na lokacin, Karl Lauterbach, wanda shi ma likita ne, bai musanta haɗarin ba. Hujjarsa ita ce haramcin ya gaza: manya kusan miliyan 4.5 ne suka sha wiwi aƙalla sau ɗaya cikin shekara guda a ƙididdigar 2021, kuma daga hannun dillalan bayan fage suke saye, inda ake gauraya ta da abubuwan da suka fi ta illa. Wanda ya shuka da hannunsa, a ganin masu wannan ra'ayi, ya san abin da yake sha, kuɗinsa kuma ba su shiga aljihun masu laifi ba. Hujja ce mai nauyi, amma ta amsa tambayar tsabta ne kawai, ba ta amsa ta ƙarfi ba.

Jihar Bavariya ba ta karɓi dokar da hannu biyu ba. Gwamnatin Markus Söder ta haramta shan wiwi a bikin Oktoberfest da wuraren shan giya na fili. Jam'iyyun CDU da CSU sun yi yaƙin neman zaɓen 2025 da alƙawarin soke dokar baki ɗaya, amma da suka kafa gwamnatin haɗaka da SPD ƙarƙashin Friedrich Merz, sai aka tsaya kan a fara nazarin tasirinta. Rahoton farko na nazarin, wanda ya fito a Satumban 2025, ya ce ƙungiyoyin noma ba su taka wata rawar kirki ba wajen ture kasuwar bayan fage. A gefe guda kuma, wiwin da ake shigowa da ita da sunan magani ta tashi daga kusan tan 32 a 2023 zuwa sama da tan 70 a 2024, Kanada ce kan gaba wajen sayarwa, kuma likitoci na rubuta ta ga mutanen da suka cike fom a intanet.

Inda labarin ya taɓo Najeriya

Najeriya ba ta da matsalar hazon Oktoba, kuma wiwin da ake nomawa a ɓoye cikin dazukan Ondo da Edo da Osun ba ta buƙatar jinin ciyawar Volga. Noman nata haramun ne a ƙarƙashin Dokar Wiwi ta 1966, wadda a farkonta ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya shuka. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana ƙone gonakin a kai a kai, kuma shugabanta, Buba Marwa, ya sha bayyana adawarsa da duk wani yunƙurin halastawa. Duk da haka, binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar a miliyan 10.6.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne alƙiblar kaya. Ƙasar da aka sani da fitar da wiwi ta koma mai shigo da wadda aka noma a ƙasashen sanyi. Sanarwar da NDLEA ke fitarwa kowane mako ba ta cika rasa sunan Canadian Loud ba, wato wiwi mai ƙarfi da ƙamshi, zuriyar irin barbarar da aka yi a Kalifoniya da Amsterdam. Jami'an hukumar sun sha gano ta a tashar jiragen ruwa ta Tincan da ke Legas, a ƙunshe cikin leda, an cusa ta a jikin motocin hannu da aka yi lodinsu a kwantena daga Toronto da Montreal.